Hasken La'asar a Fuskar Baba

Shekara tara na yi ina ɗaukar hoton amare kafin in lura ba ni da hoton mahaifina ko ɗaya da zan nuna in ce wannan shi ne. Hotunansa kam akwai su, cike da wata tsohuwar jaka a ɗakin Innarmu. Amma duk wanda ka zaro abu guda za ka gani: babbar riga fara tas, hula a sama, a tsakani kuma wani baƙin dunƙule mai ido biyu. Baba baƙi ne wuluk, irin baƙin nan mai sheƙi, kuma ba ya yarda a ɗauke shi sai cikin farar shadda da ta sha sitaci. Ita kuwa kyamara ba ta iya raba hankalinta biyu. In ka bi ta rigar, fuska ta nutse. In ka bi ta fuska, rigar ta ƙone ta koma kamar takarda, duk aikin da ke wuyanta ya ɓace.

Abin bai dame ni ba sai daminar da ciwo ya kwantar da shi. Ciwon ciki ne. Likitoci suka yi iya nasu, aka dawo da shi gida Ƙofar Durbi, aka ce a ci gaba da addu'a. Mun gane abin da ake nufi, amma muka haɗa baki ba wanda zai faɗa masa. Yayyena suka shiga zirga-zirgar magani da rubutu. Ni kuwa, Allah ya yafe min, abin da ya tsaya min a rai hoto ne. Tsoro nake ji kada wata rana in nemi fuskarsa a zuciyata in rasa, in buɗe jakar Inna in tarar da riguna kawai.

Na san inda zan same shi. Ƙofar zaurenmu yamma take kallo. Bayan la'asar rana takan sunkuyo ta shigo a karkace, ta bugi jan bangon ƙasa, ta dawo da wani haske mai ɗumi kalar zuma. Can ake shimfiɗa wa Baba darduma da matashi saboda masu zuwa dubiya. Fitilar kyamara ba ta da amfani a irin fatarsa, goshi kawai take sa wa ƙyalli kamar an shafa mai, ta baje sauran fuskar. Hasken da ya zo ta gefe shi ke sassaƙa mutum. Shi ke fito da doron hanci da ƙashin kunci, ya bar rabin fuska cikin inuwa mai laushi har ka ji kamar ka kai hannu ka taɓa. Matsalar ita ce bai fi kwata na awa yake yi ba, sai benen maƙwabta ya tare ranar, zauren ya koma toka-toka.

To, wannan kwatan shi ne daidai lokacin da mutane ke fitowa daga masallaci. Wanda bai san gaisuwar Katsinawa ba ba zai gane irin tafasar da zuciyata ta yi ba. Dattijo zai zo ya tsaya ƙyam a bakin ƙofa, ya cika ta da babbar riga, yana neman inda zai ajiye takalmi. Daga nan a fara.

"Ina wuni, Alhaji? Ina gajiya? Ya jikin? Ya ƙarfin jikin? To, madalla. Ai jiki ya yi kyau, wallahi ka hi jiya. Ya iyali? Ya ruwa?"

Baba kuma ya amsa ɗaya bayan ɗaya, ya mayar da nasa. Ni 'ya mace, dole in durƙusa in gaishe su in shige ciki. Sai in laɓe bayan labule da kyamara a hannu, ina kallon haskena yana hawa bango a hankali, ya bar kafaɗar Baba, ya bar hularsa, ya kai azara. Kafin baƙon ya shafa fatiha wani ya yi sallama.

Ranar da aka yi sa'a ba kowa kuwa, sai rigimar riga ta tashi. Wata tsohuwar jallabiya ruwan ƙasa yake zama da ita, wadda ta dace da fatarsa kamar don hoton aka ɗinka. Da ya ga kyamara sai ya ɗaga murya a kawo fara.

Na ce, "Baba, don Allah ka bar wannan ɗin. Wallahi ta hi yi maka kyau."

Sunan mahaifiyarsa aka sa min, don haka bai taɓa kiran sunana ba. Ya ce, "Uwata, mi kike so mutane su ce? Na tsufa ina aikin gwamnati, a ƙarshe a rataye ni a bango cikin rigar barci?"

Kafin Inna ta ɗauko rigar, a ɗaga shi, a zura, a gyara karin hula, rana ta tafi abinta. Sannan ya miƙe wuya ya ɗaure fuska tamau, irin fuskar da mutanenmu ke ajiye wa hoto da ofishin 'yan sanda. In danna don kada ya ji haushi, in koma gida ina cizon yatsa.

Sati uku na yi a haka. Na daina karɓar aikin yamma, har wata uwar amarya ta yi fushi da ni. Da azahar ta yi sai in kasa zama, in fita tsakar gida in duba sama, in koma, in sake fita. Maigidana ya ce ko manomi bai kai ni kallon hadari ba. In tari ɗan acaba daga gidana a Kambarawa ina ce masa ya yi sauri, mu iso in tarar girgije ya rufe yamma ruf. Kullum kuma Baba ƙara zabgewa yake. Ina gani, amma gani irin na mai hoto: yau inuwar kuncinsa ta fi zurfi, yau ƙashin gira ya ƙara fitowa.

Wata Alhamis aka yi ruwa da safe, da yamma gari ya washe. Na tarar da Baba shi kaɗai cikin jallabiyar nan, ko hula babu. Ya dubi kyamarar, ya dube ni. Na tsaya ina jiran ya kira Inna.

Ya ce, "Ɗauki hakanan, Uwata. Yau ba ni iya ɗaga hannuwa a zura mani riga."

Ba zan ɓoye ba, daɗi na ji. Har yau in na tuna daɗin nan sai in ji kunyar kaina.

Ina durƙusawa ke nan ƙofa ta yi duhu. Wani Alhaji ne, abokin Baba tun suna firamare, cikin farar riga har ƙasa. Ya buɗe baki zai fara, ban san lokacin da na ce, "Alhaji, matsa daga ƙohwa!" ba. Ko gaishe shi ban yi ba. Dattijon ya yi sororo da takalmi ɗaya a ƙafa. Tunda na riga na yi rashin kunyar, sai na ƙarasa ta. Na nuna masa ɗaya gefen Baba, ɓangaren inuwa, na ce ya zauna nan ya baza rigarsa. Ya zauna yana salati. Hasken ya bugi farar rigar ya dawo a hankali, idon Baba na hagu da ke cikin duhu ya fito.

Alhajin ya ce, "Kai, ɗiyar nan taka ta hi ka masiha. Ni yau na zama fitila?"

Baba ya yi dariya, ta gaske, wadda ya daɗe bai yi ba. Na danna.

Tun kafin in duba na san na samu. Baƙin fatarsa ya fito kala-kala, daga ruwan zuma a goshi zuwa shuɗi-shuɗi a ƙarƙashin haɓa, jan bango a bayansa, jallabiyar ta narke cikin inuwa. Ba abin da ya ƙone, ba abin da ya nutse.

Baba ya ce, "Mu gani."

Da gudu na miƙa masa, ina jiran yabo. Ya kawo gilashin bayan kyamarar, inda hoton ya fito, kusa da idonsa. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya kai yatsa ya shafa kuncinsa, ya bi ramin da ke wurin har zuwa muƙamuƙi, ya gangara wuya. A lokacin na tuna Inna ta cire madubin ɗakinsa tun ranar da aka dawo daga asibiti. Ni ce ma na riƙe mata kujera ta hau.

Ya ce, "Ashe haka na koma."

Alhajin ya fara, "Haba, ai jiki ya yi—"

Baba ya ɗaga masa yatsa ɗaya, ya katse shi. Ya miƙo min kyamarar da hannu biyu, ba faɗa, ba harara. Ya ce, "Kin iya aikinki, Uwata." Sannan ya juya wajen abokinsa.

"Gobe in an sauko Juma'a ka taho mani da liman da mutum biyu. Akwai maganar da nike so in bari."

Na shige bayan labule na zauna a ƙasa. Daga can ciki ina jin Inna tana tambaya ko a kawo farar rigar.