Uwar Sawu da Takalman Baƙi

Taubashiyata, ɗiyar gwaggona, ita muke kira Fitila. Ba don kyau ba, kada ta ji ta fara fankama. Tun muna yara ba ta barci. Kowa na minshari, idonta na nan ƙur kamar an manta ba a kashe ba. Da ta girma sai Allah ya haɗa ta da aikin da ya dace da ita: zaman teburin karɓar baƙi a wani masauki da ke jikin tashar mota, daga magariba zuwa asuba. Shekara tara tana miƙa makulli, tana rubuta sunaye, tana nuna wa mutane hanyar banɗaki. Shirya zance kuwa, ni da ake ce wa gwani, in ta fara sai na sara mata.

Mijinta direban babbar mota ne, kwana goma a hanya ba komai ba ne a wurinsa. 'Yarsu ɗaya, Tsito, mai shekara shida, in uban ya tafi a benci take kwana bayan teburin uwar. Kwana dai na ce, amma kuka ne. "Baba zai ɓata a duhu!" Kukan yarinyar nan har agogon bango yake tsayarwa.

Ran nan Fitila ta gaji, ta ɗora ta a cinya ta fara zuba. Wai akwai wata ƙasa can bayan inda kwalta ta ƙare, mutanenta suna da abar bauta mai suna Uwar Sawu, mai kula da dare da matafiya. A tatsuniya ne fa, kada wani ya taso mini da wa'azi. Dare zanenta ne, in ta shanya shi duniya ta yi duhu. Taurari kuwa ɓarnar ɓeraye ce, su suka huhhuda zanen. Tsohuwa ce tukuf, ba ta ganin fuska, takalmi kawai take ganewa. Inda hancin takalminka ya kalla, can za ta raka ka, tana gaba kana baya. Shi ya sa a ƙasar manyan limamanta duk masu gyaran takalma ne, ibadarsu kuma guda ɗaya tak: kafin ka kwanta ka juya takalminka ya fuskanci gida.

"To Baba fa?" in ji Tsito.

"Tsoffin takalmansa na ƙofar ɗakinmu, tun safe na juya su."

Yarinya ta yi barci har da yawu. Na ce, "Fitila, ke da aka kora daga aji saboda surutu, yau har da ƙera ƙasa?" Ta ce, "Kai da ba a kora ba me ka ƙera, mai kan tulu?"

To masaukin yana da doka. Manaja ya shimfiɗa darduma a ɗakuna, yana son ta fiye da 'ya'yansa, don haka ba mai shiga da takalmi. Kowa a bakin ƙofa yake ajiyewa, a dogon lungun nan mai fuskantar bango. Bayan sati guda sai ƙorafi ya fara. Baƙo ya fito da asuba zai kama mota, babu takalmi. A duba a duba, sai a same su a tsakar gida, an jera tsaf, wannan ya kalli gabas, wancan kudu. Wata mata ta rantse gidan akwai aljanu. Wani mai tumbi ya bi mota a guje da safa.

Manaja ya kira Fitila. "Ke ce mai gadin dare ko ni? Kwana uku na ba ki. In ba ki kamo mai wannan iskanci ba, ki ajiye mini makullaina."

Fitila ta zo mini ido ya yi ja. Aikin nan shi ne ƙafarta, in ya tafi gidan zai gurgunce. Ta ce, "Ɗan kawu, zo ka taya ni gadi. Ni tebur ba ya barina in leƙa lungu." Na zo da gora da zuciyar zaki. Dare biyu na yi ban ƙifta ba, in ban da wani ɗan lumshewa da na yi don idon ya huta. Na farka na tarar da silifas ɗina a tsakar gida suna kallon unguwarmu.

A dare na uku aka kama ɓarawo, kuma ba ni na kama ba. Wanda ya kama shi wani dattijo ne a ɗaki na bakwai, muna ce masa Mai Sanda, kwanansa goma sha biyu a masaukin bai yi wa kowa murmushi ba. Ya buɗe ƙofa zai zaga, sai ga Tsito tsugune, rungume da takalmansa.

"Ke! Ina za ki da su?"

Muka rugo, ni da Fitila. Yarinya ko gezau. Ta ce, "Kaka, ina ne gidanku? Kowa da yamma in na tambaye shi yana nuna mini, kai kaɗai ka ƙi. A nan duk bango suke kallo, Uwar Sawu za ta kai ku ku yi karo. Shi ya sa nake fitar da su waje."

Fitila ta dafe kai. Dole ta kwance masa tatsuniyar tun daga ɓeraye. Dattijo ya murtuke fuska har na fara neman hanyar gudu. Ashe faɗa ya yi da ɗansa ya bar gida cikin fushi, girman kai ya hana shi komawa. Can sai ya ɗaga sandar ya nuna arewa. "Ta can ne, jikata. Juya su da kyau."

Da safe Manaja ya iso ya miƙa hannu a ba shi makullai. Mai Sanda ya ɗora masa jakarsa a hannun, ya ce, "Riƙe mini, gida za ni." Ya tsaya a tsakar gida ya ba da labarin kaf, direbobi na kwasar dariya har da riƙe ciki. Wani ya cire takalmi nan take ya ce, "Tsito, nawa yamma, matata ta gaji da jira!" Kafin ka ce me, an yi layi. Manaja ya dubi layin, ya dubi Fitila, ya yi gyaran murya. "Dama ni na san ba aljanu ba ne."

Yanzu akwai katako mai hawa uku a tsakar gidan, shi da kansa ya sa kafinta ya buga, kuma Fitila na nan a teburinta tana cika baki wai ita ta kafa ƙasa. Tsito na barci tun isha, don direbobin sun koyi juyawa da kansu. Takalmin Manaja ne kawai kullum ake tarar da shi yana kallon ƙofar fita. Fitila ta ce ni ne. Ni kuwa barci nake.