Hantar da Ba Tawa Ba

A shekarun da ake maganar karɓe wa garinmu sunansa na Abuja a ba sabon birni, ina ɗinki a bakin kasuwa, matata kuma ta doshi arba'in. Ɗanmu guda ne, ya riga ya tafi kwaleji. Bayansa ta yi ɓari sau biyu, na biyun ya kusa tafiya da ita saboda jinin da ta zubar. Duk da haka tana son ta sake gwadawa, ni kuwa na fi ta so.

Akwai wata ma'aikaciyar jinya, Kirista daga wajen Filato, da ke haya a gidanmu. Sista muke ce mata. Matata ta kai mata maganar, ita kuma ta ja fatar idonta ta duba, ta kai ta asibiti aka auna ta. Da suka dawo ta same ni a zaure.

"Maigida, jinin Mama ya yi ƙasa," in ji ta. "Mace mai shekarunta ba ta ɗaukar ciki da jini irin wannan. Ku dakata wata shida. Ga ƙwayoyi, amma ƙwaya kaɗai ba ta isa. Hanta, ƙwai, wake, alayyafo. Ta rage gishiri da kanwa."

Na ce to. Sau biyu a mako nake biyawa wajen mahauta in sayo hanta, in miƙa a tsakar gida, har ina ba abokai labarin yadda nake kula da iyali.

Amma a gidanmu, kamar gidan da na tashi, kwanon maigida ake fara zubawa. Naman kirki nasa ne, a zaure yake ci, mace ta ci abin da ya rage. Wata uku ina buɗe kwano ina tarar da hanta a miya. Ba zan ce ban gane ba. Na ce a raina ai ta ɗebi nata, ban kuwa taɓa tambaya ba, don na san amsar za ta raba ni da hantar.

Da aka sake awo, jinin bai ƙaru da wani abin kirki ba. Har da bakina na ce maganin asibiti aikin banza ne, zan je Lambata in karɓo mata jiƙo. Rannan da rana ina cin abinci Sista ta shigo zaure, ta leƙa kwanon.

"Kai, Maigida! Ashe kai muke shirya wa haihuwar? Dubi kumatu! Gobe ka zo awo."

Daga bayan ƙofa matata ta ce, "Sista, ki ƙyale shi, ni na zuba masa. Yaya zan ci hanta in ba shi ƙashi? Me za a ce da ni?"

Tsokanar Sista ba ta shige ni kamar wannan kare ni da aka yi ba. Na ɗauki kwanon na shiga ciki, na zauna a tabarmar matata. Shekara ashirin da aure ba mu taɓa ci a kwano ɗaya ba. Ta juya mini baya.

"Malam, mutane za su gani."

"Su gani," na ce, na tura naman gabanta.

Haka muka ci gaba kullum. Wata shidan ya zama goma, kuma ni na jawo ƙarin. Sai da Sista ta ce jini ya kai sannan muka nemi abin da muke nema. Allah ya ba mu 'ya mace. A asibiti ta haihu, ta zubar da jini sosai, amma jikinta ya ɗauka, ta tashi da ƙafarta. Na gode wa Allah, na gode wa baƙuwar da ba ta ji nauyin kunyata ni a zaurena ba.

Bayan suna na roƙi matata gafara. Ta yi dariya ta ce ita fa hanta ba ta dame ta ba, ƙarninta ma tayar mata da zuciya yake yi. Don ina zaune kusa da ita ne take haɗiyewa.