Saƙon da Inna Hajara ta kawo min

Jama'a, yau na yi wa tsohuwa ƙarya.

Da safe na koya wa 'yan ajina kalmar capsize, wato kifewar kwale-kwale. Yaran Daura ina suka ga kwale-kwale? Sai na kifa ƙwarya cikin baho, suka yi ta dariya.

Bayan la'asar sai ga maƙwabciyata Inna Hajara da waya. "Malam, abokin Sani ya turo daga Legas, da Turanci. Karanta min."

Sani ɗanta ne, shi kaɗai gare ta. Na duba. Kalmar nan ce! Kwale-kwalen da Sani ke ciki ya kife, kuma ba a gan shi ba.

Na ce, "Inna, ban san kalmar ba."

Ta ce, "Ba komai, ɗana, bari in kai wa Emeka mai shago."

Ga ta can tana tsallaka titi. Na kasa tashi.