Ogan ɗin da Ya Ƙi Yin Shiru

A shekarun da council, wato hukumar gari, ke ta datse kuɗin komai, ina aikin kula da tsofaffi a Manchester. Cikinsu akwai wani Bature a Old Trafford, ina ce masa Baba. Tun ƙuruciyarsa yake kaɗa ogan, babban abin kiɗan nan na coci mai bututu. Da farko awa guda nake yi a wurinsa, daga baya aka mayar da shi kwata. Shayinsa bai huce ba na fita.

Hirarsa ɗaya ce, ta wani makaɗin ogan da ya rasu kusan shekara ɗari uku da suka wuce. Makaɗin ya tashi cikin mawaƙan coci, ya gaji malaminsa, ya tsara waƙoƙin jana'iza masu tayar da tsikar jiki. Da hannunsa ya soma rawa, dattawan coci suka sallame shi. In Baba ya zo nan, sai ya tsura wa nasa hannun ido.

Wata safiya na same shi sanye da kwat, ga wasiƙa a cinyarsa. Za a rufe cocin da ya yi wa aiki a Birmingham.

"Ki kai ni," ya ce. "Sau ɗaya tak."

"Baba, likita ya hana ka tafiya mai nisa."

"Shi ya taɓa jin ogan ɗin?"

Ranar hutuna muka hau jirgin ƙasa. Cocin yana Balsall Heath, sanyi ƙalau, ga bokitai suna tarar yoyon rufi. Wasu maza biyu suna ta auna bango, ko kallo ba mu ishe su ba. Na tallafi Baba har kan benci, ya fara kaɗa waƙar mutumin nasa.

Ana tsakiya sai bututu ɗaya ya maƙale. Baba ya ɗaga hannuwansa, amma gurnanin bai tsaya ba, har cikin ƙirjina nake jin sa. Masu awon suka waigo. Sai da wata mata mai riƙe da makullin cocin ta kashe wutar ogan ɗin, sannan ya lafa a hankali kamar numfashin majinyaci.

Na tallafe shi muka dawo Manchester.

Mako na zagayowa aka canza mini unguwa. Da na samu sarari na leƙa gidan Baba, labule a rufe. Maƙwabciyarsa ta ce motar asibiti ta ɗauke shi, ba ta san ina ba. Na tambaya a ofishinmu, aka ce ba za a faɗa mini ba, tunda ni ba danginsa ba ce.