Wa Ya Ƙera Kwanon Inna

Shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a a Kano ina koyarwa a wata firamare a Gwarzo, albashi kuwa sai ranar da aka gan shi. Da abubuwa suka yi tsanani na buɗe adakar Inna, Allah Ya ji ƙanta, ina neman abin da zai sayu. A can ƙasa na tarar da wani kwanon gilashi mai murfi, naɗe cikin tsohon saƙi. Mahaifinta ne ya taho da shi lokacin da ya dawo daga Makka ta ƙasa, iyakar abin da na sani ke nan.

Fari ne kamar nonon da aka tsinka da ruwa, bakinsa shuɗi-shuɗi, ga kifaye zagaye da jikinsa. In aka ɗaga shi saitin rana kuwa sai cikinsa ya yi ja kamar garwashi.

Kuskurena shi ne nuna wa maƙwabciyata. Tana ganin ya sake launi ta ja da baya tana salati, ta ce, "Malama, wannan ba hannun mutum ya yi shi ba." Kafin kwana uku magana ta cika unguwa, wai ina da kwanon tsafi. Lokacin kuwa kowa a tsorace yake. Akwai samarin da suka ɗora wa kansu gyaran gari, ba wanda ya aike su, kuma na ga yadda suka watsa kayan wata mai magani a bakin kasuwa.

Maigidana ya dawo daga masallaci fuska ba walwala. Ya ce an ce ranar Juma'a za a zo a gani, ko dai in san abin da zan faɗa, ko in fasa shi tun yanzu. Na kasa fasawa. Kuma, in faɗi gaskiya, ni ma na fara tsoron kwanon. Na daina shiga ɗakin da yake in ba dole ba.

Wata abokiyar aikina ce ta ba ni labarin wani tsoho mai gyaran agogo a Kabo, wanda ya yi wa Turawa kuku a birni da ƙuruciyarsa. Ranar Laraba na naɗe kwanon, na tura shi cikin buhun dawa, na shiga mota. A hanya aka tare mu ana duba kaya, wai ana neman kwalaben giya. Wani ya luma hannu cikin buhuna har gwiwar hannu. Ya zaro hannu, ya karkaɗe, ya wuce.

Na sami tsohon a rumfarsa. Bayan mun gaisa na kwance ƙullin na miƙa masa. Ya ɗaga kwanon ya auna nauyinsa a tafin hannu, ya ƙwanƙwasa da farce ya saurara, sannan ya kama yatsana ya bi da shi kan wani siririn layi a gefensa.

"Kin ji? Nan ne bakin abin da aka zuba narkakken gilashin ciki ya haɗu. Aikin masana'anta ne, 'yata."

Na ce, "To Baba, wutar da ke cikinsa fa?"

"Tokar ƙashi suke zubawa a gilashin."

Na ce, "Ƙashin me?"

Ya yi dariya har da tari. Ya ce na shanu ne, irin wanda mahauta ke zubarwa a bayan kwata.

Daga nan ya kife kwanon, ya sa madubin gyaran agogonsa a ido. Akwai rubutu a gindin, amma ya sude. Sai ya ɗora farar takarda a kai, ya riƙa goga fensir a hankali, haruffa suna fitowa ɗaya bayan ɗaya: wani suna, harafin farko ya ɓace, a ƙasansa kuma sunan ƙasar Faransa da Turanci. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce ya san sunan, shi ne a jikin wata fitila da ya shekara bakwai yana gogewa a gidan wani Bature. Ya cike mini harafin da hannunsa. Ya ce alewa suke ajiyewa a irin wannan kwanon.

Ranar Juma'a bayan an sakko samarin suka zo, su biyar, da limamin unguwa. Ina daga bayan ƙyaure ina jin maigidana yana karanta musu takardar da tsohon ya ba ni. Wani ya ce ko ma waye ya yi shi, ai ga siffar masu rai a jiki. Liman ya karɓi kwanon, ya shafa layin nan da yatsa kamar yadda aka nuna masa, ya ce kwano ne, a bar baiwar Allah ta huta, sai dai a daina baje shi a idon mutane.

Ban sayar da shi ba, don ba wanda zai saya a garin. Maƙwabciyata ta yi wata biyu ba ta leƙo gidana ba, sai da na haihu ta zo barka da kunun kanwa.