Telan da ke Ƙarƙashin Ƙafafunku

Kun gan shi, kuka kau da kai. Kada wani ya ce bai taɓa ganinsa ba. Duk ranar wasa ta ƙofarsa kuke wucewa, ku hau matattakalar rumfar 'yan kallo, ku zauna daidai saman kansa, ku yi ta buga ƙafa har ƙura ta riƙa zubo masa a kan keken ɗinki. Kun san farashin ɗan wasan da ke taka leda a wata uwa duniya, wanda ba ku taɓa haɗa ido da shi ba. Kun san wa aka saya, wa aka ba da aro, wane kulob ne aka cuta a ciniki. Amma mutumin da ya ɗinka lambar da kuke wa ihu, ba ku san an ba shi wa'adin barin ɗakinsa ba. Kuma ku ne sila.

Baba Tela ake ce masa. Da sassafe yake isowa filin wasa, tun mai ban ruwa bai kwance tiyo ba. Ya buɗe ɗan ɗakin nan na ƙarƙashin rumfa, mai rufi a karkace, wanda dogon mutum sai ya sunkuya kafin ya kai ƙurya. Ya kakkaɓe ƙura, ya ɗiga wa keke mai, ya juya wajen hasken ƙofa ya zura zare a allura. Sannan ya kwance ƙunshin rigunan da mai wankin kulob ta kawo, ya riƙa ɗaga su ɗaya bayan ɗaya. Ga hammatar da ta ɓarke, ga wuyan da ɗan bayan abokan hamayya ya finciko, ga lambar da ta fara ɗagowa. Kafin 'yan wasa su fito atisaye komai ya koma daidai. Tun ba a haifi yawancinsu ba yake wannan aiki.

Kulob ɗin garin nan ba mai hali ba ne, kowa ya sani. Ba a sayen sababbin riguna don an sayi sabon ɗan wasa. 'Yan wasa ke zuwa su tafi, riguna na nan. Saboda haka duk cinikin da aka ƙulla a ofis, a ɗakin Baba Tela yake ƙarewa: a kawo rigar wanda ya tafi, a gyara ta daidai jikin wanda ya zo.

A nan ne abin mamakin yake. Tela in aka ce ya rage riga, almakashi yake ɗauka, ya datse abin da ya yi yawa ya watsar. Shi kuwa ba ya yanka. Kalmashe rarar yake yi ta ciki, ya kwantar da ita a gefe, ya bi ta da siririn ɗinki yadda ba za ta goge fatar mai gudu ba. Aikin ya fi wuya, ya fi cin lokaci, kuma ba idon da zai gani. Mai wanki, wadda ke juya rigunan kullum, ta gaji da mamaki ta tambaye shi dalili.

"Yaya, ai bana siriri suka sayo," in ji shi. "Kin san wanda za su sayo baɗi? Ni ban sani ba. Su ma ba su sani ba."

Magoya baya sun daɗe da gane cewa labarin ciniki yakan fara isa ɗakin nan kafin ya isa rediyo. Da an buɗe kasuwar 'yan wasa sai bencin ƙofarsa ya cika. Ba ya rabo da mutum biyu: Mai Ganga, shugaban magoya baya, da abokinsa da ake kira Lauya, wanda bai taɓa shiga kotu ba, kayan gyaran babur yake sayarwa, gardama ce ta ba shi sunan.

"Baba, lamba tara nake gani a kan keke?" Mai Ganga zai ce, yana miƙa wuya.

"Idonka ne ya gani."

"Ragewa kake yi ko buɗawa?"

"Ɗinki nake yi."

"Kun ji ko! Ragewa yake yi. Wallahi wani ɗan firit suka kwaso mana, wanda iska ma za ta kayar."

"Kai dai ganga ka iya," in ji Lauya. "Ni tambayata ɗaya ce. Yaron da aka sayar bara, ina kuɗinsa suka shiga? Ba mu ga sabuwar raga ba, ba mu ga ko fenti ba."

Mai Ganga ya ce, "Ba ka ga tumbin Sakataren kulob ba? Baba, tsakani da Allah, ba ka buɗa wa Sakatare riga kwanan nan ba?"

Benci ya ɗauki dariya. Baba Tela ma ya murmusa, zare a bakinsa. Ba a taɓa jin sirrin kulob daga bakinsa ba.

Sai dai shi ma yana da nasa tambayoyin, kuma ba don ya ƙure kowa yake yin su ba, so yake ya sani. Wannan harka ta saye da sayar da 'yan wasa tana ɗaure masa kai.

"Wai ku fahimtar da ni," yakan ce, ya ɗage ƙafa daga keke. "Da me ake auna kuɗin mutum? Ni da tef nake aunawa: kafaɗa, ƙirji, tsayi. Wanda ya tafi da wanda ya zo awonsu kusan ɗaya. Me ya sa ɗaya ya fi tsada?"

Lauya ya gyara zama, an zo gidansa. "Baba, ana duba shekaru. Ana duba ƙwallayen da ya ci. Ana duba saura nawa kwantiraginsa ya ƙare. Sannan in kulob biyu suna sonsa, sai ya tashi."

"Kamar yadi kenan, in an yi rububinsa."

"Yauwa!"

"To in ya ji ciwo washegari fa?"

"Sai ya faɗi warwas."

"Ikon Allah," in ji Baba Tela, ya ci gaba da taka keke yana jujjuya maganar. Gobe zai dawo da wata: wai in an ba da ɗan wasa aro ya ci tsohon kulob ɗinsa, murna yake yi ko kunya yake ji?

Mutumin da ke wannan tambaya bai taɓa kallon wasa daga farko har ƙarshe ba. Ranar wasa a ɗakinsa yake zama, allura da zare a shirye, ko riga za ta yage. Daga rufi yake karanta wasan. In ƙafafu suka buga lokaci guda ƙura ta zubo, mun ci. In aka yi tsit, an ci mu. In ya ji ana sauka tun ba a tashi ba, ya san koci zai sha zagi.

Mai tsaron raga na wancan lokacin har yau yana ba da labarin ranar da aka kawo Katanga, ƙaton ɗan bayan nan da kuka yi shekaru kuna wa waƙa. Ranar wasa aka gama takardunsa, kuma lambar da aka yi masa rajista da ita tana kan rigar da aka rage wa wani siriri. Ya zura kai, riga ta tsaya a ƙirji, ta ƙi sama ta ƙi ƙasa. Alƙalin wasa ya aiko a fito. Koci na kumfar baki, Sakatare na share gumi. Mai tsaron raga ya ruga da rigar ƙarƙashin rumfa, ya riƙe gefe ɗaya, Baba Tela ya bi ɗinkin da reza. Sai ga yadin da ya ɓoye tun bara yana fitowa. Katanga ya shiga fili da riga daidai jikinsa, ya hana a ci mu. Da yamma kuka ɗaga Sakatare sama, wai ya iya ciniki.

Akwai kuma Walƙiya, ɗan wasan gefen da gwiwarsa ta tashi aiki. Ku da kuka saba ɗaukarsa a kafaɗa, ku ne kuka koma kiransa asara, kuna lissafin abin da da an samu in an sayar da shi da wuri. Ranar da aka sallame shi ya zo da sanda ya miƙa rigarsa a ɗakin nan, ya juya zai fita.

"Zo nan, ɗana," in ji Baba Tela. "Wace ƙafa ce ta lalace?"

"Dama."

"To keke ba ruwansa, da hagu ma ana taka shi. Zauna."

Yau Walƙiya na da shagon ɗinki a kasuwa, da mata da 'ya'ya. Ku je ku tambaye shi wane ne ubansa a filin nan.

Kai ne wannan, Baba. Kai ne mai ɗinkin da ba a gani, mai rufa asirin kulob da zare. Kai kaɗai ne a filin nan kake tambayar ɗan wasa awonsa ba farashinsa ba.

To ga abin da ya faru bana. Tun farkon kakar wasa kuke rera "A sayo ɗan gaba ko a sauka!" Kuka yi ta yi a rumfa, a rediyo, a wayoyinku. Shugabanni suka tsorata, suka nemo ɗan gaban, amma asusu bai kai ba. Sai ga wani kamfanin cacar ƙwallo yana neman ɗaki kusa da ƙofar shiga, zai biya haya a dunƙule, abin da zai cike giɓin. Ɗaki ɗaya ne kusa da ƙofar shiga.

Sakatare da kansa ya zo, kuma a yi masa adalci, kansa a sunkuye yake tun kafin ya kai inda rufi ya yi ƙasa.

"Baba, abin ya fi ƙarfina. Jama'a sun matsa. Zuwa ƙarshen wata za mu buƙaci makulli."

Baba Tela ya ajiye allura. Ya dubi keke, ya dubi ƙusoshin da ya kafa a bango yana rataye riguna. Ba shi da takardar ɗaukar aiki, ba a taɓa ba shi ba. Ɗakin nan shi ne albashinsa, domin a nan 'yan unguwa ke kawo masa ɗinkin da yake ci da iyali. Gidansa ciki da falo ne, a can bayan gari.

"Ina za a sa keken?" matarsa ta tambaya da ya kai mata labari. "A kan gado, mu kwana a ƙasa?"

"Baba, ka huta haka nan," in ji 'yarsa. "Mutanen da ko sannu ba su iya ba."

"Na ji. To in riga ta ɓarke ana tsakiyar wasa fa?"

"Su sa ta a haka!"

Da labari ya isa benci, Mai Ganga ya leƙa ɗakin. Ya ce, "Baba, wallahi mu ba mu ce a taɓa ka ba."

"Na sani, ɗana. Ɗan wasa kuka ce."



Washegari mai wanki na nan tsaye Sakatare ya zo wucewa da sauri, yana kallon wani wajen. Baba Tela ya leƙo ya kira shi. Sakatare ya tsaya, ya shirya jin roƙo ko baƙar magana.

"Wannan da za ku sayo," in ji Baba Tela, "ƙato ne ko siriri? Ina so in gyara masa rigar kafin in ba da makulli."

Mai wanki ta ce ita dai ajiye ƙunshinta ta yi ta fita waje.

Mun gode, Baba. Mun gode da rigunan da suka fita fili ba tare da kunya ba, da bakin da ka kama, da yaran da ka tsince bayan mun gama da su. Allah Ya saka maka da alheri, Ya ƙara lafiya da hasken ido. Da kowane ɗayanmu zai yi aikinsa yana tunanin wanda zai zo bayansa, kamar yadda kake yi, da ba kulob kaɗai ba, gari ma ya gyaru.

Amma godiya ba ta buɗe ƙofa, kuma na gaji da jinjinar da ake yi wa mutum bayan an gama tura shi waje. Ba a sa hannu a hayar nan ba tukuna. Shugabanni sun ce sai sun ji ta bakin magoya baya a taron ranar Asabar, don sun tabbata za ku amince. Ba zan ɓoye muku ba: in ɗakin ya tsira, ƙila ɗan gaban ba zai zo bana ba. Ƙila mu ƙare kaka a tsakiyar tebur, maƙwabta su yi mana dariya. Wannan shi ne farashin, kuma ku da kuka ƙware a sanin farashi, yanzu sai ku auna. Kuna da bakin da ya firgita shugabanni har suka taɓa tsoho. Bakin nan zai iya tambayarsu inda kuɗin cinikin bara suka shiga, ya kuma sa a ba Baba Tela takardar aiki da ɗakinsa.

Kai da ke karanta wannan, kada ka tura wa wani ka ce ka yi naka. Ka je taron da ƙafarka. In Sakatare ya ce masu goyon bayan haya su ɗaga hannu, ka bar naka a cinya. In ya ce akwai mai magana, tashi.