Ƙafar Da Na Karya A Filin Ƙwallo

Malam Edita, a lokacin da wannan abu ya faru ina saurayi ɗan shekara ashirin da shida, shekarata ta uku ke nan da barin Maraɗi zuwa Greensboro. Aikina ɗora kujeru da gadaje a manyan motoci a wani sito, daga Litinin zuwa Asabar. Ƙarfi gare ni kamar sa, kuma ba ni da abin alfahari a ƙasar nan sai ƙarfin. Turancina bai nuna ba, a wurin aiki kowa ya ga dama ya daka mini tsawa in haɗiye. Ranar Lahadi da la'asar kaɗai nake zama mutum, idan muka taru a wani fili muna buga ƙwallo, mu 'yan Nijar da ƙungiyarmu, 'yan Najeriya da tasu, 'yan Ghana da 'yan Mexico da nasu. Ni mai tsaron baya ne.

Tun ina gida na kamu da son wani mai tsaron baya ɗan ƙasar Uruguay. Ya fara wasa a wata babbar ƙungiya ta ƙasarsu, daga nan ya tafi Italiya ya yi shekaru yana tare manyan 'yan wasan duniya, ga shi kuma ginshiƙi a ƙungiyar ƙasarsa. Abin da ya fi yin suna a kai shi ne jan kati. Ba ya dariya, ba ya ba da haƙuri, idan ya shiga ƙafar mutum sai an zo da abin ɗaukar marar lafiya. Har lokacin da Uruguay ta kara da Senegal a Kofin Duniya na 2002, duk 'yan ɗakinmu suna bayan 'yan'uwanmu na Afirka, ni kaɗai ina bayan mutumina, suna zagina ina jin daɗi. Na tara kaset-kaset na wasanninsa, in dawo daga aiki in saka, in yi ta mayar da wurin da ya kayar da wani. Abokai suka sa mini suna Ɗan Uruguay. Na karɓi sunan hannu biyu, na kuma ɗauka wajibi ne duk Lahadi wani ya bar fili yana ɗingishi.

A cikin 'yan Najeriya akwai wani ɗan wasan gaba, mutumin wajen Jos, Kirista ne, ya girme ni da kamar shekara biyar. Fenti yake yi, yana hawa dogayen tsani a manyan gidajen unguwar Irving Park. Mun saba sosai, don kusan kullum da safe muna haɗuwa a tashar bas ta cikin gari mu yi ta hira da Hausa, yana tsokanata wai Hausarmu ta Nijar rabinta Faransanci ce. Ranar da matarsa ta haifi 'yarsu ta biyu har gida na je barka, na ci tuwon hannunta. Ina faɗin wannan ne don kada wani ya zaci baƙo na cuta.

Wata Lahadi a cikin bazara muka haɗu da ƙungiyarsu. Mutane sun cika, mata sun zo da kujerun naɗewa da abinci. Kafin a tafi hutun rabin lokaci sau biyu yana zura mini ƙwallo ta tsakanin ƙafafu ya wuce, na biyun ma ya jefa a raga. Fili ya kaure da dariya, wani yana ihu wai yau an yi wa Ɗan Uruguay kaciya. Shi kansa ya dafa kafaɗata yana murmushi, ya ce in yi haƙuri Malam, wasa ne. Da aka je hutu, Alhajin da ke kula da ƙungiyarmu, wani dattijo mai shagon kayan abinci, ya dubi idona ya ce in zauna in huta, ya ga jinina ya hau. Na ce masa wallahi Alhaji lafiya lau nake. Ƙarya na yi. A zaune a wurin na riga na yanke abin da zan yi.

Ba a jima da komawa ba aka jefo wa mai fentin ƙwallo ta gefe. Ya riga ya tura ta gaba, ta yi nisa da shi, ƙafarsa ta dama tana kafe a ƙasa. Na taho a guje na tashi sama da ƙafafuna biyu, ƙusoshin takalmina a gaba, na sauke duk nauyina a ƙaurinsa. Ƙarar da na ji irin ta raken da aka karya a gwiwa ce. Bai yi ihu nan take ba, sai da ya ɗago ya ga ƙashi ya huda safa ya fito fari, tafin ƙafar ya juya yana kallon inda bai kamata ba, sannan ya saki wata irin ƙara da har yau take tashina daga barci. Jini ya jiƙa ciyawa. Ƙanensa ya sheƙo daga bakin fili da kujerar ƙarfe ya maka mini a baki, haƙorana biyu suka zube. Na tashi na shaƙe shi na yi ta dukan fuskarsa har hancinsa ya fashe. Daga nan fili ya rikice, ana jifa da kwalabe, ana naushi, mata suna kururuwa suna janye yara. Mutanen da suka shekara suna cin abinci tare suka koma zagin addinin juna da Hausar da ta haɗa su. Shi kuwa mai fentin yana kwance a tsakiya, matarsa ta rufe shi da jikinta don kada a tattake shi. Sai da 'yan sanda suka zo aka lafa. Aka tafi da shi asibiti, ni da ƙanensa aka sa mana ankwa.

A kotu hukuncin faɗan kawai aka yi mana, ni da ƙanen, aka ɗora mana aikin gayya na gari da gargaɗi mai tsanani. Maganar ƙafa kuwa aka bar ta a matsayin tsautsayin wasa, don abin da na faɗa wa 'yan sanda ke nan, haka na faɗa wa Alhaji, har na rantse cewa ƙwallo na je ɗauka. Mutanenmu suka tsaya mini, suna cewa duk wanda ya shiga fili ya san abin da ya taka. An yi masa aiki sau uku, aka sa masa ƙarfe. Likita ya ce shi da hawa tsani har abada. Wasan Lahadi ya mutu. A tashar bas 'yan Jos suka daina amsa gaisuwarmu, matansu suka daina shiga shagon Alhaji.

Wata takwas ban je duba shi ba. Daga ƙarshe Alhaji da faston cocinsu suka zauna, suka ce dole in je. Matarsa ce ta buɗe ƙofa. Na ce Anti ina wuni, ta dube ni daga sama har ƙasa, ta kauce ta ba ni hanya. Na same shi a kujera, ya rame, sanduna biyu a gefensa, ƙafar duk ɗinki. Na fara jero haƙurin da na haddace, sai ya ɗaga hannu ya tsayar da ni. Ya ce tambaya ɗaya yake da ita, in dubi Allahn da nake wa salla in gaya masa, ƙwallo na zo ɗauka ko ƙafarsa. Alhaji yana zaune a gefena, wanda na rantse wa. Na ce ƙafarka na zo karyawa.

Ya ce ya sani, don ya ga idona kafin in tashi sama. Ya ce wata takwas kowa yana gaya masa tsautsayi ne, har 'yan cocinsu, har ya fara zargin ko hankalinsa ne ya taɓu, yau zai yi barci tunda ya ji daga bakina. Na durƙusa ina kuka na roƙe shi gafara. Ya ce, “Malam, ba zan yi maka ƙarya yadda ka yi mini ba. Ban yafe ba tukuna. Ina roƙon Ubangiji ya ba ni iko.” Da muka iso gida a mota, zan fita ke nan Alhaji ya ce in je in nemi gafarar Allah a kan rantsuwar, shi dai ya yafe nasa. Shekarar da ta biyo baya mai fentin ya kwashe iyalinsa suka koma wata jiha wurin yayarsa. Na aika saƙo sau da yawa, amsa ba ta zo ba. Har yau ban sani ba ko ikon ya samu.

Ɗan Uruguay na gaskiya ya gama zamaninsa a Italiya, ya koma nahiyarsu ya rataye takalmi ana yi masa tafi. Bai san da ni ba, ban kuma ɗora masa laifina ba. Mutumin ya iya karanta wasa, ya iya tare ƙwallo ba tare da ya taɓa kowa ba, sai dai ni ba wannan na je koyo wurinsa ba. Na tsinci mugun abin ne kawai, saboda shi ya dace da haushin da ke cikina na wulaƙancin wurin aiki, na kuma sauke shi a kan wanda bai taɓa yi mini komai ba sai alheri.

Matasa masu buga ƙwallo a unguwa, ku ji daga bakin mai giɓi. Wanda kuke gani a talabijin, in ya karya ƙafa akwai likitoci a bakin fili. Wanda ke gabanka ranar Lahadi kuwa, da wannan ƙafar zai fita neman abincin 'ya'yansa ranar Litinin. In an yi maka dariya, ka bari a yi, kafin magariba an manta. In babba ya ce ka zauna ka huta, ka zauna. Ni da na ƙi zama na minti arba'in da biyar, yau shekara da shekaru ina tsaye ina jiran kalma ɗaya daga bakin mutumin da na gurgunta.